Kwaɗon da ba shi da gida biyu, da aikin da ke jiranmu a tabkunan Adar

A gaɓar tekun Indiya, cikin lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, akwai wani ɗan kwaɗo mai hawan ciyawa wanda namijinsa bai wuce milimita 22 ba, macen kuma takan kai 29. Idan ya zauna a kan farcen babban yatsa, da ƙyar zai rufe shi. Masana suna kiransa Hyperolius pickersgilli, da sunan Martin Pickersgill wanda ya gano shi a 1978, aka kuma rubuta bayaninsa a 1982. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a wani siririn zirin ƙasa daga St Lucia a arewa zuwa Sezela a kudu, kuma ba ya nisa da bakin teku. Da aka tattara faɗin dukan fadamun da yake zaune a cikinsu a lissafin 2016, murabba'in kilomita 12 aka samu, wato kamar fili mai tsawon kilomita huɗu da faɗin uku. Ɗan kabu-kabu zai kewaye shi kafin a gama dafa shayin farko.

Abin da ya sa ya kamata mutumin Tawa ya san labarinsa shi ne, abubuwan da suka kusa ƙarar da shi su ne muke yi kullum a bakin tabkunanmu: janye ruwa, share ciyawar baki, feshi, da barin yashi ya cike gurbi. Kuma mafi yawan abin da ya tsirar da shi aiki ne da gari guda zai iya, in an zauna an yarda.

Wannan kwaɗo mai zaɓen wurin zama ne ƙwarai. Yana son ruwa kwantacce, wanda ba ya gudu, zurfinsa tsakanin santimita 20 zuwa 80, cike da dogayen karare da kacalla, sannan a ƙarƙashinsu akwai gajerun ganyaye masu faɗi. Macen ba ta zuba ƙwai cikin ruwa. Takan manna su dunƙule guda, wajen 50, cikin wani yauƙi, a jikin ganye ɗan sama da ruwa. Bayan kamar mako guda talibambam su ƙyanƙyashe su faɗo ciki. A nan ne raunin yake. Idan ruwan ya ja da baya a cikin wannan makon, a kan busasshiyar laka za su faɗo. Idan an yanke ciyawar, babu inda za a manna ƙwan. Ba sai an kashe kwaɗo ko ɗaya da hannu ba: a rage ruwa taƙi guda a lokacin da bai dace ba, haihuwar shekara ta tafi. Abin da ya faru ke nan a can, inda aka yi ta tsotse fadamu domin noman rake, da dashen turare mai shan ruwa, da gine-ginen birnin Durban da kewayensa, da haƙar ma'adinai a tudun yashin bakin teku.

Kwaɗo ba tsuntsu ba ne da zai tashi ya nemi wani wuri. Da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, don haka tafiyar ƴan ɗaruruwan mita a kan busasshiyar ƙasa da rana tana iya zama ajalinsa. Duk abin da ya narke cikin ruwa kuma, guba ko taki, kai tsaye yake shiga jikinsa. Shi ya sa a binciken duniya da aka fitar a 2023, wanda ya duba nau'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu, aka tarar kashi 41 cikin 100 suna fuskantar ƙarewa, fiye da tsuntsaye, fiye da dabbobi masu shayarwa. Lalacewar mazauni ce kan gaba a cikin dalilan.

Tanzaniya ta ga ƙarshen wannan hanya. A kwazazzaben Kihansi, cikin duwatsun Udzungwa, akwai wani ƙaramin kwaɗo da duk duniyarsa ba ta wuce hekta biyu ba, iyakar inda feshin ruwan da ke zubowa daga dutse yake jiƙawa. Da aka gina madatsar lantarki aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan, feshin ya ɗauke. A shekarar 2000 aka kwashi 499 aka kai gidan namun daji a Amurka. Aka kafa famfunan yayyafi a kwazazzaben don su maye gurbin feshin, amma a 2003 kwaɗin suka zube, cutar fata ta ƙarasa su, kuma a 2009 aka bayyana cewa babu sauransu a daji. Sai a 2012 aka fara mayar da waɗanda aka haifa a keji. An kashe kuɗi masu yawa, an kuma ɗauki shekaru.

Mutanen Afirka ta Kudu sun bi matakan a jere mai kyau. Da farko sun fita nema. Kukan wannan kwaɗo siriri ne, kamar na gyare, kuma manyan kwaɗi suna danne shi, shi ya sa aka daɗe ana wuce shi ba a sani ba. Masu bincike, cikinsu har da Jeanne Tarrant, wadda a lokacin take aiki da ƙungiyar kare namun daji ta Endangered Wildlife Trust, suka bi fadama fadama da dare suna saurare, suka gano wuraren da ba a san yana nan ba. Wannan ne ya sa a 2016 aka sauko da shi daga matakin haɗarin ƙarewa mafi tsanani da aka sa shi a 2010 zuwa na ƙasa da shi. A 2017 gwamnati ta fitar da tsarin kula da shi a hukumance. Aka ɗauki mutanen yankin aikin cire baƙin tsirrai daga fadamu. Daga baya ne gidan namun daji na Johannesburg ya hayayyafa shi, aka saki 200 a fadamar Mount Moreland, kusa da Durban, a watan Satumba na 2018. Hoton sakin kwaɗi shi ne mutane suka fi so, amma a ganina shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin jerin. Da fadamar ba ta nan, da babu inda za a sake su.

To, mu dawo gida. Tabkin Tabalak da na Dan Dutsi suna cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2005, kuma sunansu ya fita saboda kifi da tsuntsaye. Amma wurin haihuwar yawancin kwaɗi ba manyan tabkunan ba ne. Ƙananan ne, waɗanda ke cika a Yuli su ƙafe a Oktoba ko Nuwamba, da kududdufan gefen gona, da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, da guraben ruwa a kwarin Magiya da na Keita. Dalili kuwa shi ne ba su da kifin da zai cinye talibambam. Irin waɗannan wurare ne babu wanda ke ɗaukarsu a bakin komai, kuma su ne ake fara cikewa.

Kowa ya san kwaɗon gida mai ƙuraje, kowa ya san burduddugi. Masu hawan ciyawa da itace su ne ba a cika lura da su ba, don ƙanana ne, kuma da rana a manne suke ba motsi. Ana gane su da yatsu: kan kowane yatsa a kumbure yake, zagaye kamar kan ashana, da shi suke mannewa a ganye. Daga nan sai a dubi baƙin ido. In a kwance yake kamar na akuya, kuma kwaɗon bai wuce santimita uku ba, dangin Hyperolius ne, dangin na Afirka ta Kudun nan. In a tsaye yake kamar na kyanwa, ga manyan idanu, ana tunanin Leptopelis, wanda wasunsa na yankin Sahel sukan binne kansu cikin ƙasa duk rani. Akwai kuma Kassina, mai zane-zane ko ɗigo-ɗigo a baya, wanda ke tafiya da gudu maimakon tsalle, kukansa kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin tulu.

Ɗaya daga cikin dangin Hyperolius na dazukan Afirka ta Yamma yana da wata dabara da ta shafi yadda muke yi da ciyawa. Ƙananan da suka fito daga ruwa a ƙarshen damina ba sa shiga rami. Sukan hau busasshiyar ciyawa, su naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, fatarsu ta koma fari fat don ta mayar da hasken rana, su zauna haka watanni har ruwa ya dawo. An yi nazarin wannan sosai a gandun dajin Comoé na Kodebuwa. Ma'anarsa a aikace ita ce, ciyawar bakin tabki da aka cinna wa wuta a Disamba, ko aka aske ta kakaf, ba busasshiyar ciyawa kaɗai aka rasa ba, har da iyayen baɗi.

Aikin farko shi ne saurare, kuma ba ya bukatar kuɗi. Mutum biyu, tocila, wayar da ke ɗaukar murya, littafi da alƙalami, da takalmin roba mai tsawo. Takalmin dole ne: kububuwa da kasa suna fitowa farautar kwaɗi a daidai wannan lokaci, ruwan tabki kuma yana ɗauke da tsargiya. A sanar da maigari kafin a fara yawo da tocila cikin dare. Tun da rana a zaɓi wuraren tsayawa a kewayen ruwan, tsakaninsu kamar mita 200, a sa musu alama da dutse ko fenti a jikin bagaruwa, don a riƙa komawa daidai wurin kowane zuwa. Ana farawa bayan sallar isha'i. In an isa wuri a kashe tocila, a yi shiru minti biyu, don motsin isowa yana sa su ɗauke kuka. Sannan a saurara minti biyar cif, a ɗauki murya minti ɗaya ko biyu, a fara da faɗin kwanan wata da sunan wurin a cikin ɗaukar kanta. Ga kowane irin kuka a rubuta lamba: 1 idan ana iya ƙirga masu kukan kuma akwai shiru tsakaninsu, 2 idan kukan yana hawa kan juna amma ana iya rarrabewa, 3 idan ya zama amo ɗaya ba ya yankewa. A rubuta yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, da ko akwai iska.

Zuwa ɗaya ba ya isa. Wasu nau'in dare biyu ko uku kawai suke kuka, bayan babban ruwan farko da ya cika kududdufai, daga nan sai baɗi. Masu hawan ciyawa kuwa sukan jira ciyawa ta tashi, don haka sai tsakiyar Agusta ake jin su sosai. Mafi ƙaranci zuwa uku ne: daren da ya biyo bayan babban ruwan farko, tsakiyar Agusta, da ƙarshen Satumba. Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Mutum ya tsaya inda burduddugi ke ruri, ƙarar ta cika wayar, ƙananan muryoyi su ɓace. Maganinsa a matsa kusa da ciyawa mai duhu, a miƙa wayar cikinta. Ko a fita daren iska, a ji shiru, a rubuta babu komai. Ko a ji siririn kuka a ce gyare ne a wuce. Duk kukan da aka yi shakkarsa a bi shi da tocila a hankali har a ga mai yin sa. In kwaɗo ne za a ga maƙogwaronsa yana kumbura. A tuna kuma maza ne ke kuka, don haka lambar 3 ba ta nuna an haihu. Shaidar haihuwa ita ce ganin ƙwai, da talibambam, da ƙananan kwaɗi masu guntun wutsiya a bakin ruwa.

In ana son hoto, ɗauka a inda yake ya fi. In dole sai an kama, a wanke hannu da ruwan tabkin, ba sabulu, ba man shafawa, ba maganin sauro, a bar hannun a jiƙe. A sa shi cikin sabuwar farar leda mai ɗan ruwa, kwaɗo ɗaya leda ɗaya, a ɗauki baya, gefe, ciki, tafin ƙafar baya da ido, a ajiye sandar ashana kusa don a gane girmansa, a mayar da shi inda aka ɗauke shi kafin minti biyar. Wanda ya taɓa kwaɗo mai jan baya da baƙin gefe kada ya kai hannu ido ko baki, ruwan fatarsa yana da zafi.

Cutar fatar da ta ƙarasa kwaɗin Kihansi wani naman gwari ne da ido ba ya gani, wanda aka bayyana a 1999, ya kuma hallaka kwaɗi da yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. Ya fi yaɗuwa a sanyi tsakanin digiri 17 zuwa 25, zafin da ya haura 30 kuma yana kashe shi, don haka a Adar ba shi ne babban abin tsoro ba. Duk da haka tsabtace takalmi tsakanin tabki da tabki ba ya cin komai, kuma yana hana ɗaukar wasu cututtuka da irin mugayen tsirrai. A kankare laka tukuna, don jabel ba ya ratsa laka. A haɗa awo ɗaya na jabel ɗin kanti da awo ɗaya na ruwa, a jiƙa takalmin minti ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye nesa da tabkin, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Ruwan jabel ɗin kada ya kusanci tabki, shi kansa yana kashe talibambam.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato kwana nawa ruwa yake yi. Talibambam na kwaɗon gida da na burduddugi suna iya zama kwaɗi cikin mako uku zuwa biyar. Na masu hawan ciyawa sukan ɗauki mako shida zuwa takwas. Tabkin da ke riƙe ruwa kwana 35 zai cika da ruri kowace shekara, mutane su ce ai kwaɗi na nan, alhali masu hawan ciyawa sun daina samun magada. Don a san wannan, tun da rani a kafa sanda ta ƙarfe ko katako mai tsawon mita ɗaya da rabi a wuri mai zurfi, a yi mata zoben fenti kowace santimita 10. A riƙa karantawa rana ɗaya a mako, ranar kasuwa ta fi sauƙin tunawa. Bayan ruwa ya ɗauke, rana da tsotsewar ƙasa sukan ci kusan santimita ɗaya a yini. Wato wurin da ke da santimita 40 a ƙarshen Satumba yana da kamar kwana 40.

Sai a sa injin ban-ruwa cikin lissafin. Santimita ɗaya a kan hekta ɗaya daidai take da mita kubik 100, wato lita 100,000. Injin da ke jan mita kubik 30 a awa, in ya yi awa biyar, ya ɗebe 150, wato santimita ɗaya da rabi daga tabki mai hekta ɗaya. Inji guda ya mayar da kwana 40 sun koma 16. Ba wanda zai ce wa mai albasa ko mai tumatir ya bar noman rani, abincin gidansa ne, kuma albasar Galmi ita ce sunan jaharmu a kasuwannin ƙasashe. Abin da za a iya shi ne a ja layi a jikin sandar: daga Yuli zuwa tsakiyar Oktoba, in ruwa ya sauko santimita 30, inji ya tsaya. A wannan lokaci galibi renon iri ake yi, ruwan da ake bukata kaɗan ne, ana iya ɗiba da bokiti ko daga rijiyar lambu. A kuma ɗaure tsohon gidan sauro mai ninki biyu a kan kwando, a sa bakin tiyo a ciki, don inji yana zuƙe talibambam da yawa.

Ciyawar baki tana da fuska biyu, dole a faɗi gaskiya. Kacalla in aka bar ta tana cinye tabki ɗungurungum, ta hana su, ta hana shayarwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi. Don haka ba a ce kada a taɓa ta ba. Yadda ake rage ta shi ne a yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda, don ruwa ya shiga kararen ya shaƙe saiwar. Yankan sama ƙara mata ƙarfi yake. Amma a yi yankan bayan tsakiyar Oktoba, kuma kashi-kashi: a raba bakin tabki uku, a bar kashi ɗaya ba yanka ba wuta duk shekara, faɗinsa mita biyar zuwa goma daga inda ruwa ke tsayawa, baɗi a juya. Burgu, gamba, bado da giyayya su ne aka fi so su rage a wannan kashi. Dabbobi kuma a ware musu mashaya a gefen da burtali ya fito, inda ƙasa ke da tauri. Shingen da ya toshe wa makiyayi hanyar ruwa ba ya kwana biyu, kuma bai kamata ya kwana ba. Da makiyaya ake zaɓen gefen da za a bari, tun kafin a sare ƙaya ɗaya.

Yashi daga tudu yake zuwa, don haka a tudu ake tare shi. Wannan aiki ne da mutanen Keita, Illela da Badagishiri suka fi kowa sani: tassa, rabin wata mai faɗin mita huɗu wanda ake jera 313 a hekta, da jeren duwatsu bisa layin da ƙasa take daidai, tsayinsa santimita 20 zuwa 30. Duk tabkin da ake son ya rayu, a fara da fako da kwazazzaben da ke zubo masa. Yashe tabki da babbar mota kuwa yana da haɗari biyu. In haƙar ta fasa yumɓun da ke ƙasa ta kai ga yashi, tabkin da ke yin wata huɗu sai ya koma yin wata ɗaya. Garin neman gira an rasa ido. Kafin a haƙa a tona ramin gwaji a ga kaurin yumɓun. Na biyu, mota takan bar gefe a tsaye kamar rijiya, babu ruwa marar zurfi, babu ciyawa. A bar ko da gefe ɗaya a kwance, kowace mita ɗaya ta zurfi ta ɗauki mita goma na tsawo.

Zuba kifi a tabkuna ya amfani garuruwa da yawa, Tabalak shaida ce. Amma tarwaɗa tana cin talibambam har ta ƙarar da su, karfasa ma ba ta barin ƙwai. Kifi na manyan tabkuna masu kai rani ne. Ƙananan da ke kewaye, waɗanda ke ƙafewa, a bar su yadda suke. Kifin da aka zuba musu ba ya ma kai girman sayarwa kafin ruwa ya ƙare.

Magungunan feshi su ne ke kisan da ba a gani. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya da lambda da ake sayarwa a kasuwa ba takarda suna da tsananin guba ga duk abin da ke cikin ruwa. Maganin ciyawa mai gilifoset kuma, sinadarin da ake haɗa masa don ya manne a ganye yana kashe talibambam. Mafi munin al'ada ita ce wanke famfon feshi a bakin tabki, da jefar da kwalabe a wurin. A ɗebi ruwa da bokiti mai tsabta a kai gona, a can za a haɗa, a can za a ɗauraye sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar a kan shukar da aka fesa, a huda kwalbar don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki. Mita 20 zuwa 30 na ƙarshe kafin ruwa a yi musu noman hannu. Ba a feshi da iska, ba a yi in hadari ya haɗu. Takin zamani ma, musamman yuriya, in ruwa ya kwashe shi zuwa kududdufi yana cutar da su, don haka a binne shi maimakon watsawa a gangare.

Akwai kuma kamun burduddugi. Mu ba cimarmu ba ce, amma akwai kasuwarsa: ana busar da shi ana kai wa kudancin Najeriya, kuma Malanville, ƙetaren Gaya, tana cikin manyan wuraren tara shi. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna ƴan kasuwa 32 kawai suna juya sama da miliyan biyu da rabi a shekara. Talibambam na burduddugi masu cin nama ne, suna cin tsutsar sauro, manyan kuma suna cin fari da ƙwarin gona. In masu kamu suka zo gari, mafi ƙarancin sharaɗi shi ne babu kamu a Yuli da Agusta lokacin da suka taru haihuwa, babu zuba guba, babu kewaye tabki gaba ɗaya da raga. Limamai suna da abin faɗa a nan, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana kashe shi. Wannan ya kamata ya kai kunnen yara masu jifan kwaɗi da dutse a bakin kududdufi.

Duk waɗannan sharuɗɗa, in a baki suka tsaya, damina ɗaya za su yi. A zauna da maigari, sarkin ruwa, wakilin makiyaya, masu lambu, mata masu ɗibar ruwa da masu yankan ciyawa, a gayyato ma'aikacin gandun daji da hukumar filaye ta gari, wadda tsarin dokar karkara na 1993 ya tanada. A rubuta abu huɗu ko biyar kawai, da Hausa: layin sanda, gefen da aka bari bana, inda mashaya take, inda ba a feshi, watannin da ba a kamu. A sa wanda zai riƙe littafin awo, malamin lakwal da ɗalibansa sukan iya wannan da kyau. A kai kwafi ofishin magajin gari.

In kuwa saurare ya fito da wani kwaɗo da ba a ji irinsa a sauran tabkuna ba, abu uku ne ba a yi. Ba a kwashe shi a kai wani tabki don a ƙara yawansa, domin abin da ya riƙe shi a nan wataƙila babu shi a can. Ba a ajiye shi a tulu a gida. Ƙananan kwaɗi suna bukatar ƙwari masu rai ƙanana ƙwarai kowace rana, kuma cikin kwanaki suke mutuwa. Ba a kuma sa ainihin wurin a Facebook. Hotunan nan biyar, da muryar, da kwanan wata, da awon ruwa na wannan makon, a miƙa su ga ma'aikatan gandun daji da sashen nazarin halittu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko malaman aikin gona da muhalli mafi kusa. Kafin amsa ta zo, a ɗaga layin sanda zuwa santimita 40 a wannan tabkin, a bar ciyawar gefen da aka ji shi har damina ta zagayo, a kuma ƙara zuwa saurare sau ɗaya a kowane mako biyu.